Gonar da Gwaggo Take Ci

Ni ba mai son zuwa wajen rabon gado ba ce. Ranar da aka raba na kawun mijina ma, girki aka ce in je in taya, kuma da na san abin da kunnena zai jiyo mini da na ce kaina ke ciwo. Maza suna zaure da malamin da zai yi rabon, mu mata muna tsakar gida muna tsince shinkafa, amma ƙofar a buɗe take, duk abin da aka faɗa muna ji.

Aka zo kan wata 'yar gona da ke bayan gidan. Aka ce ƙanwar mamacin ce take noma ta, aka aiko a kira ta. Tsohuwa ce siririya mai yawan gaisuwa. Ta gyara mayafi ta je ta durƙusa a bakin zaure. Malamin ya sassauta murya ya ce, "Inna, ki tuna da kyau. Cewa ya yi ya ba ki, ko cewa ya yi ki ci?"

Ta ce, "Cewa ya yi in ci."

Shi ke nan. A wajenmu idan an ce mutum yana cin gona, yana nomawa ne yana kwashe amfanin, amma ƙasar tana nan ta mai ita. Ranar da mai ita ya mutu, cin ya ƙare. Aka mayar da gonar cikin gado, 'ya'yan mamacin suka raba. Ba wanda ya zalunci tsohuwar, gaskiya aka tambaye ta ta faɗi gaskiya. Ta dawo ta zauna kusa da ni ta ci gaba da tsince shinkafa kamar ba ita ba. Ni kuwa na daina tsincewa, domin na taɓa jin wannan kalmar da kunnena, a gidanmu, daga bakin Babana.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rayu a ɗakinsu. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya tsaya, ta dawo gidanmu da akwatinta da kwallayenta. A shekarar da ta dawo Innarmu ta rasu, ina aji huɗu na firamare, ƙannena maza biyu ƙanana. Gwaggo ce ta raine mu. Ita ta yi mini kitso, ita ta zane ni, ita ta raka ni ɗakin miji tana kuka tana yi mini faɗa a kan kukan da nake yi. Kuma ina tsaye a bakin rumbu ranar da Baba ya nuna mata gonar bayan rijiya mai ɗorawa uku, ya ce, "Ga ta nan, ki riƙa ci."

Shekara fiye da ashirin tana ci. Gero da wake take sawa a ƙasa, a sama kuma ɗorawa. Da kalwar take daddawa, kuma duk kasuwar ƙauyenmu ba wadda ta kai tata. Ba ta taɓa miƙa wa wani hannu don sabulu ko goro ba. Wannan gonar ce ta sa take zaune a gidan yayanta da kanta a sama.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce gona ɗaya mece ce. A wajenmu babu daji, babu inda za ka je ka sare ka ce ka yi sabuwa. Gona na bin gona, sai layin gamba da ya raba su, kuma mutum ya san adadin kunyoyin gonarsa kamar yadda ya san 'ya'yansa. Duk rabon gado gonaki ƙara tsukewa suke. Na ga 'yan uwa sun daina gaisawa a kan kunya biyu.

Da muka koma Bici, inda nake aure nake koyarwa a makarantar firamare, na sa mijina ya raka ni wajen malamin unguwarmu. Na tambaye shi kai tsaye, in Baba ya riga Gwaggo, me za ta samu. Ya ce ba komai, domin 'yar uwa ba ta gado inda akwai ɗa namiji. Na ce to me za a yi. Ya ce hanya biyu ce. Ko Baba ya ba ta kyauta yanzu yana da lafiyarsa da hankalinsa, a gaban shaidu, gonar tana hannunta. Ko ya yi mata wasiyya, tunda ita ba magajiya ba ce, muddin abin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya bari ba. Ya ce kowacce aka zaɓa a rubuta, domin shaidu ma mutuwa suke. Ya ƙara da cewa kada mu jira ciwo, kyautar mai ciwon ajali hukuncinta daban ne.

Na fito na ce aikin Asabar ɗaya ne. Wani lokaci ilimin boko yana sa mutum wauta.

Matsala ta farko ita ce ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, kuma ba ya yi mini magana ido da ido. In yana son gaya mini abu, sai ya gaya wa wanda ke kusa, in babu kowa ya gaya wa bango. Lokacin da na ci jarrabawar shiga kwaleji, ƙanena ya gaya wa cewa, "A ce da waccan ta yi ƙoƙari," ina zaune a gabansa. Ban taɓa jin haushin wannan ba, na san so ne ya zo da kunya. Amma yanzu ni ce zan je in ce masa ya yi tunanin bayan ransa.

Na same shi a zaure yana tufka igiyar rama, ragonsa ɗaure a turke a bakin ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon igiya. Na ba shi labarin tsohuwar nan tun daga farko har ƙarshe, na faɗi abin da malam ya ce, na ce, "Baba, so nake a gyara maganar gonar Gwaggo." Ya ci gaba da tufka. Can ya dubi ragon ya ce, "Ka ji fa. An zo auna mini likkafani tun da raina." Ya tashi ya ɗauki buta ya tafi masallaci, alhali azahar da saura.

Na shiga cikin gida na tarar da Gwaggo ta riga ta ji, domin katangar zauren ba ta riƙe magana. Ta tare ni da ludayi a hannu.

"Ke 'yar nan, wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"To ki rufa mini asiri. So kike a ce ina zaune ina jiran mutuwar yayana? Ni ma zan riga shi."

Na ce, "An aiko miki da takardar ne, Gwaggo? In gani in yi miki fotokwafi."

Ta kai mini ludayin, na kauce. Ta ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta dawo da ni ba. Amma da zan tafi ta ƙulle mini daddawa a ganye kamar kullum, kuma ba ta ce kada in sake tayar da maganar ba. Na riƙe wannan.

Ƙanena babba, mai sayar da hatsi a Dawanau, shi ne ya kira ni a waya washegari, muryarsa a cushe. Ya ce, "Yaya, yanzu kina ganin mu za mu kori Gwaggo daga gonarta? Matar da ta goya mu?" Na ce ban ce za su kore ta ba. Na ce masa kawun mijina ma 'ya'yansa ba mugaye ba ne, amma gonar tana faɗawa rabon ɗayansu, shi ma yana da bakuna tara a gida, sai mai son fili ya zo. Na ce ba na son zaman Gwaggo ya rataya a kan kirkin kowa, har da nawa. Ya ce na cika zafi. Na ce na sani, a wajen Gwaggo na sha.

Gaskiya na ji ciwon maganarsa, kuma na ji ciwon ta Baba fiye da haka. Ba daɗi a ce kana kirga wa mahaifinka kwana. Na yi kuka a kan babur a hanyar komawa, mai babur ya ɗauka ƙura ce. Amma duk lokacin da na ce bari in haƙura, sai in ga tsohuwar nan ta dawo ta zauna tana tsince shinkafa. Kafin rani ya raba ma na ji an zuba bulo a gonar da take ci.

Sai na canza dabara. Na daina dogon bayani. Duk Asabar zan je gida da goro, in gaishe da Baba, in taya Gwaggo aiki, in zan tafi in durƙusa a bakin zaure in ce, "Baba, maganar nan tana nan." Shi ke nan, in tashi. Asabar ta biyu ya ce wa rago mutanen boko ba su da aikin yi. Ta uku ya ci gaba da tufkarsa. Ta huɗu na tarar ya bar gida tun da hantsi, aka ce yana gona yana watsa taki. Na bi shi gonar da takalmina na makaranta, na gaishe shi daga bakin iyaka, na faɗi maganata, na juyo. Mijina ya ce in ba don ya san ni ba da ya ce aljanu ne. Ƙaramin ƙanena, wanda yake noma tare da Baba, in ya hango ni sai ya fara dariya ya ce ga mai maganar nan ta iso.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Baba ba marowaci ba ne. Mutum ne da zai buɗe rumbu ya ɗebar wa maƙwabci dami ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kuma ba mai tsoron zancen mutuwa ba ne, shi yake wanke gawar maza a unguwarmu. Kalma uku kawai ake nema a bakinsa, "na ba ta", kuma sun gagara. Na yi ta juya abin ban gane ba.

A Asabar ta tara ɗorawa ta nuna. Na same shi a gonar bayan rijiya yana kallon Gwaggo tana kaɗo ta da doguwar gora. Na durƙusa, ban kai ga buɗe baki ba ya juyo ya dube ni. Ido da ido, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Ke ba kya gajiya?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To ki gaya wa Liman da Mai Unguwa, da ƙannenki. Juma'a bayan la'asar. A nan."

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin babbar ɗorawar. Liman ya zo da tawadarsa, Mai Unguwa da hatiminsa, ƙannena biyu suka zauna gefe ɗaya. Gwaggo ta zauna nesa da kowa ta ja mayafi har goshi, tana hararata. Ni na zo da takarda da biro, na ma riga na rubuta kan maganar a gida, takardar kyauta. Liman ya yi addu'a, ya ce, "To Malam, abin da sauƙi. Sai ka faɗa da bakinka cewa ka ba ƙanwarka wannan gona kyauta, mu shaida."

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ba zan ce na ba ta ba."

Na fusata. Asabar tara, ga mutane an tara, ga Gwaggo an fito da ita gaban jama'a don a kunyata ta. Na buɗe baki zan faɗi abin da har yau nake gode wa Allah ban faɗa ba. Liman ya ɗaga mini hannu.

Baba ya ce, "Ta yaya zan ba ta abin da yake nata? Lokacin da mahaifinmu ya rasu, mu biyu ya bari. Ita tana ɗakin miji. Manya suka ce mace ba ta riƙe gona, a bar wa namiji duka, in ta buƙata ta zo ta ci. Ba a raba ba. Ni kuma na yi karatun da na san ba haka Allah ya ce ba, kashi ɗaya cikin uku nata ne. Na yi shiru. Shekara arba'in da wani abu ni nake cin nata. Da ta dawo kuma na yanki guntu daga cikin hakkinta na ce mata ta ci, ta yi mini godiya, na amsa." Ya nuna ni da haɓa ba tare da ya kalle ni ba. "Waccan ta zo tana cewa in ce na ba ta. In na faɗi haka a gaban Liman, na ɗora ƙarya a kan wancan."

Sai yanzu na gane abin da nake ta bugawa duk Asabar. Na ɗauka ƙofar rowa ce ko ta tsoro, ashe mutum ne yake fama da abin da ya binne tun kafin a haife ni.

Gwaggo ta ce daga inda take, "Yaya, ni na yafe."

Ya ce, "Ki yafe cin baya, ina roƙonki wannan. Amma ƙasar ki karɓa tukuna. In ta shiga hannunki ki yi yadda kike so da ita." Liman ya ce haka ne daidai.

Baba ya tashi ya ce mu biyo shi. Ya bi layin gamba na gonar Gwaggo, ya tsallake shi, ya shiga gonar da ƙaramin ƙanena yake sa gyaɗa, yana tafe yana kirga kunyoyi. Bai tsaya ba sai a gindin tsamiya. Ya soka sandarsa ya ce nan rabonta ya kai, shi ya daɗe da aunawa. Kunya ashirin da biyu ne suka fita daga hannun ƙanena a tafiya ɗaya. Na ga fuskarsa, ta yi nauyi, kuma ban ga laifinsa ba, shi yake zuba wa wurin taki shekara da shekaru. Ya ce, "To Baba." Da ruwa ya sauka shi ne ya haƙo gamba ya dasa sabon layin da hannunsa, bai bari kowa ya taya shi ba.

Na yaga takardar kyautar da na zo da ita, na juya sabon shafi. Baba yana faɗa ina rubutawa da boko, Liman yana rubutawa da ajami. Baba ya ce a sa iyakokin duka huɗu da sunan masu gonakin da ke kewaye, a sa ɗorawa uku da tsamiyar, domin a wajenmu ana iya ba ka ƙasa a hana ka itacen da ke kanta. Ya ce a rubuta cewa gadonta ne na mahaifinsu, shi ne ya ci nata. Na ce Baba wannan ba sai an sa ba. Ya ce wa Liman, "A ce da waccan ta rubuta yadda na faɗa." Na rubuta. Ya dangwala yatsa, Gwaggo ta dangwala, ƙannena suka sa hannu, Mai Unguwa ya buga hatimi.

Tunda baki ya buɗe, Baba ya ce kada a rufe biron. Ya faɗi cewa 'yar fadamar da maƙwabcinmu yake shuka albasa aro ce, ta dawo cikin gado. Ya faɗi cewa ƙaramin rumbu da abin da ke ciki na Gwaggo ne, da ɗakin da take kwana muddin ranta, ya roƙi ƙannena su amince, suka amince aka rubuta. Abin da na yi wata biyu ina roƙo a buɗe, cikin awa ɗaya ya zube duka.

A hanyar komawa gida na tambayi Gwaggo ko ta san da maganar tun da. Ta ce, "Na sani mana. Ai ina da wayo lokacin." Na ce to me ya sa ba ta taɓa magana ba. Ta ce, "In ce me? Yayana ne." Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗan. Na kai takardun wajen Dagaci ya gani, na yi fotokwafi uku a Bici, ɗaya wajena, ɗaya wajen ƙanena na Dawanau, ɗaya wajen Mai Unguwa. Ta asalin na ba Gwaggo, ta ce me za ta yi da ita ita da ba ta karatu, ta jefa a kwalla.

Liman ne ya fara rasuwa, a damina ta biyu. Mai Unguwa ya tsufa har ya daina gane mutane. Baba ya bi bayan Liman da shekara ɗaya, kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Gwaggo da ta ce ita za ta riga shi, ita ta ɗaure masa haɓa.

Da aka zo rabo, wani malami ne matashi daga wani gari, bai san kowa a cikinmu ba. Ya zo da mutum biyu masu igiyar awo. Muka tsaya a gonar bayan rijiya, aka ce masa ƙanwar mamacin ce take noma nan. Ya sa aka kira ta, ya sassauta murya, ya yi mata tambayar nan da na sani kalma bayan kalma. Cewa ya yi ya ba ki, ko cewa ya yi ki ci.

Gwaggo ta ce, "Bai ce ko ɗaya ba."

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da takardar a ninke, duk ta sha warin daddawa. Malamin ya karanta a fili tun daga sama. Da ya zo wurin da Baba ya ce shi ne ya ci nata, Gwaggo ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ranar rasuwar ma ban ga ta yi irin wannan kukan ba. Malamin ya tsaya har ta lafa, ya ninke takardar, ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya juya ya ce wa masu igiya su fara awo daga bayan tsamiya, wannan ɓangaren ba na mamacin ba ne.